Tawada Ɗaya

Shagona na Fagge, bayan masu walda,
inji guda, tsoho, mai tari irin nawa.
Ran Talata da hantsi wuta ta ɗauke,
ta bar mini baƙi biyu a benci ɗaya:
Fasto Ishaya Barau da littafin waƙoƙi,
Katikis Silbanus da na tambaya da amsa.
Ɗan wa da ɗan ƙani ne, daga Gani,
Sabon Gari ta haɗa su, Lahadi ke raba su.

Ishaya ya dafa injin, ya ce, Malam Sammani,
kakan wannan ƙarfen ya taɓa girgiza Roma.
Shekara ɗari biyar baya, can Jamus,
takardar sassauci ta shiga kasuwa kamar goro:
biya, a rage wa mamacinka kwanakin horo.
Wani malamin coci ya ce ba haka ba,
ya jera hujja casa'in da biyar.
Kafin manya su gama gyara zama
masu irin sana'arka sun kai ta gari-gari.
Aka ce janye. Ya ƙi.
Ya juye Littafi zuwa harshen gida,
manomi da masaƙi suka ji shi da kunnen uwa.
Bangaskiya ce, ya ce, alheri ba shi da farashi.

Silbanus bai yi gaggawa ba.
Ya murje gyaɗa, ya hure ɓawon,
ya ce, rufi ya yi yoyo, ban musa ba,
amma wa ke rushe ɗaki saboda ɗigo?
Dattawanmu sun zauna a wani gari cikin duwatsu,
shekara sha takwas, a tashi, a koma.
Aka toshe cinikin,
aka ce makiyayi ya kwana cikin garkensa,
aka gina makarantun horar da limamai,
aka tsara tambaya, aka tsara amsa,
ga jikanyarta nan a hannuna.
Masu wa'azi suka bi teku har inda jirgi ya gaji.
Ku kuwa tun da kuka fita kuke ta fita,
ƙirga allunan coci a layinku kaɗai.

Har da littattafan da kuka haramta, in ji Ishaya.
Har da siffofin da kuka farfasa, in ji ɗan'uwansa.
Sai shiru.
Kowa ya san an yi wuta, an yi jini,
kuma ba hannu ɗaya ya riƙe ashana ba.
Mu a garin nan
ba sai an fassara mana hayaƙi ba.

Ina jinsu, carbina a aljihu,
na tuna layinmu: masallaci biyu, katanga ɗaya,
wannan ya saki hannu, wancan ya kama,
kowa da hujjarsa a gefen littafi.
Gardamar ba baƙuwa ba ce, riga ta sake.

Bayan la'asar wuta ta dawo.
Yarona Ɗanliti, garin sauri,
ya ɗinke shafi takwas na katikis
a tsakiyar waƙoƙin fasto,
waƙoƙi huɗu kuma suka kwana
tsakanin tambaya da amsarta.
Kwafi ɗari biyu. Sai da suka tafi na gani.
Mako guda ina jiran zagi.

Ishaya ya fara zuwa, yana sosa ƙeya:
matan zumunta sun sa wa tambayoyin murya,
da tulu da kacau-kacau, sun ƙi bari.
Silbanus ya biyo shi da yamma:
yara sun haddace baitocin,
wanda ya ce a yage shafin, da shi za su yi.

Ba wanda ya sauya coci.
Gobe ma za su ɗora daga inda suka tsaya.
Amma da na miƙa takardar kuɗi,
a nan kam bakinsu ya zo ɗaya:
aikin da kuskure, sai an yi ragi.

Na rage.
Na wanke hannu da kananzir, na duba,
baƙin da ya saura a farcena,
ban iya cewa na wane ne ba.